Ta Kamfani Ko Ta Haɗi

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙi. Na fara da motar itace, na koma gingimari, na ƙare a tifa. Da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, aikin gini ya buɗe, kowa na neman yashi da tsakuwa. Na zo da niyyar wata uku. Ban koma ba.

Tifar da nake ja ta wani ɗan kwangila ce, kuma haɗi ce. Injin daga wata mota, giya daga wata, kayan birki an tsinto su a wajen 'yan gwangwan a Kano. Masu gareji suka ɗora wannan a kan wancan, aka shafa fenti, aka ce mota. Na san haka na hau, don sai na ci abinci. Wata rana da hantsi ina gangarowa daga wajen fasa dutse da lodi cike, na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe. Leburan da ke zaune a baya ya rasu a wurin. Ni aka yanke mini ƙafar dama daga gwiwa.

Matata ta yi shekara guda tana jinyata, sannan ta nemi takardarta. Na ba ta. Ban ga laifinta ba. Ba mu haihu ba.

Abin da na tsira da shi gida ne a Yalwawa, ɗaki uku, na gina shi lokacin da yashi ke da daraja. Ina kwana a ɗaya, na sa haya a biyu. Aikina daga safe zuwa yamma zama a benci a ƙofar gida, ina sauraren motocin da ke wucewa a titi. Daga ƙara nake gane wadda ke shan mai da wadda kulocinta ya kusa ƙarewa. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda na gaya wa.

Wanda ya kama ɗakunan biyu mutumin Filato ne, Kirista, akawu a wata ma'aikata. Iyalinsa suna can gida, sai ƙarshen wata yake zuwa ganinsu. Yana da kwamfuta a ɗaki, yana buga wa mutane takardu bayan an tashi daga ofis. Wata shida muna gaisuwa kawai.

Wata Asabar da rana na ji ƙarar inji daga ɗakinsa. Inji mai ƙarfi, amma ana canza masa giya ba a kan lokaci ba. Na yi haƙuri, na kasa. Na ɗaga murya daga benci.

"Wane ne yake kashe motar mutane a ciki?"

Ya leƙo yana dariya. "Baba Direba, ni ne. Shigo ka karɓi makulli in ka fi ni."

Na ɗauki sandunana na shiga. A fuskar kwamfutar akwai titi, da jar mota, da wasu motoci suna tsere. Ya nuna mini maɓallai huɗu masu kibiya: wannan totur, wannan birki, waɗannan biyu sitiyari. Da wasu biyu na giya. Na zauna. Kwanar farko na daki bango. Ta biyu na faɗa ruwa.

"Shekara nawa ka ce ka yi a titi, Baba?"

"Motarka ce ba ta da nauyi."

"To, a loda mata tsakuwa?"

Kafin wata ya cika na fi shi. Shi yana danna totur ya manne, kamar mai gudun kare. Ni ina sauraren injin, ina rage wuta kafin kwana, ina ba ta wuta a tsakiyar kwana. Titi titi ne, ko na ƙarya. Daga nan duk ranar da aka kawo wuta da yamma, in ya gama buga takardunsa, sai ya ƙwanƙwasa taga. "Baba Direba, fasinja sun cika." Shekara biyu muka yi a haka. Tun da aka yanke ƙafar, ban sami abin da ya sa na manta da ita ba sai wannan.

Sai shekarar da aka fara maganar shari'a. A unguwarmu ba wanda ya taɓa shi, ko kallon banza. Mai unguwa da kansa ya zo ya ce masa ya zauna, ba abin da zai same shi. Amma labaran da ke zuwa daga wasu garuruwa ba su da daɗi, matarsa ta dinga aiko da saƙo. Ya nemi aiki a can gida, ya samu.

Ranar da yake ɗaure kaya, ya ba ni faifan wasan a cikin leda, da wata takarda da ya rubuta.

"Kwamfutar da ita nake ci, da na bar maka. In Allah Ya hore maka ka tashi saye, ka nuna wa mai shago wannan takardar. Abin da ke jan motar wani kati ne a ciki. In babu shi, jaki ka saya."

Na ce Allah Ya kiyaye hanya. Ya ce amin. Direban bas ya yi hon, ya hau suka tafi.

Ɗakunan wani ɗan kasuwa ya kama, ya mayar da su ma'ajiyar gero. Buhuna ba sa gaisuwa. Na koma benci. Da can benci bai dame ni ba, don ban san akwai wani abu ba. Yanzu in aka kawo wuta da yamma, fanka ta fara juyawa, sai in ji yatsun hannuna na dama suna motsi a kan cinyata. Damina biyu na yi a haka.

Ina da bijimi ɗaya a ƙauyenmu ta wajen Garki, ƙanena ne ke kiwata mini shi. Na je na ce a kai shi kasuwa.

"Lafiya, Yaya? Aure za ka yi?"

"Kwamfuta zan saya."

"Ta sana'a?"

"Ta tuƙi."

Na yi masa bayani.

"Yaya, yanzu da kowa ke gyara tsakaninsa da Ubangiji, kai da furfurarka za ka sayar da sa ka sayi wasan yara?"

"Na taɓa fashin salla?"

"A'a."

"Caca ce?"

"Ban sani ba."

"Ba caca ba ce. Bijimin naka ne?"

Ya kai shi kasuwa. Ya kawo mini kuɗin cif. Ya yi kusan shekara bai tako Dutse ba.

Shago ɗaya na sani a garin da ke sayar da kwamfuta, kusa da titin ma'aikatu. Mai shagon Bakano ne, magidanci, siriri mai tabarau, mutane na ce masa Injiniya. Yawancin cinikinsa da ofisoshi yake yi. Da na shiga da sanduna, ya zaci taimako na zo nema, har ya kai hannu aljihu. Na ajiye masa faifan da takardar a kan tebur. A lokacin ko harafi ɗaya na boko ban sani ba.

Ya karanta. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Baba, wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi. Wa za a saya wa, jikanka?"

"Ni."

Bai yi dariya ba. Wannan ya sa na zauna.

Ya nuna mini guda biyu. Ɗaya doguwa ce a tsaye, fenti bai yi mata daidai ba, gabanta ya fi jikinta fari. Ɗayar a kwance take, faffaɗa, sabuwa, rabinta a cikin kwali, ledarta ma ba a gama cirewa ba.

"Wannan ta tsayen ni na haɗa ta da hannuna. Duk abin da ke takardar nan yana cikinta, har katin. Ita ce ta wasa, kuma ta fi sauƙi. Wannan ta kwancen daga kamfani ta zo a haka, ba wanda ya taɓa cikinta. Tana da garanti. Amma ta ofis ce."

"Ka ce haɗa ta ka yi?"

"Ƙwarai."

"Kayan cikin daga wuri ɗaya?"

"Daga wurare. Kowanne na zaɓo mai kyau."

Haka mai garejin da ya haɗa tifar ya ce da ɗan kwangila a gabana, kusan kalma da kalma.

Na ce ya juyo mini bayansu. Duk direban da ya san kansa, in zai duba mota ba fenti yake kallo ba, ƙusoshi yake kallo. Ta haɗin ƙusoshinta iri uku ne, wata baƙa, wata fara, wata kanta ya cinye saboda ɗaurewa da kwancewa. Ta kamfanin duk iri ɗaya, ba wadda aka taɓa. Na ɗaga ta haɗin da hannu ɗaya, ta taso. Ta kamfanin sai da na sa hannu biyu. Na ƙwanƙwasa jikinsu. Ɗaya ta amsa kamar gwangwanin madara, ɗaya kamar ƙofar gingimari.

"Tayar mini da su."

Ya kunna. Na kara kunne. Ta haɗin fankarta na da wani ɗan kaɗawa a ƙasa-ƙasa, irin na abin da bai zauna daidai ba. Ta kamfanin numfashi kawai take yi.

"Buɗe mini bonet ɗin wannan."

Ya nuna mini wata 'yar takarda mai ƙyalli da aka liƙa a bakin murfin. "Hatimin kamfani ne. In aka yaga shi, garanti ya tafi. Ko ni ba na buɗewa."

Ban taɓa yarda da motar da ban ga injinta ba. Amma wannan hatimin ya kwanta mini. Yana nufin tun da ta fito daga hannun masu ita, ba wani mai gareji da ya sa mata hannu.

Ya sa faifan a ta haɗin, ya juyo mini maɓallan. Jar motar ta fito, titin nan dai da na sani. Na ja ta, na sha kwana uku. Tafiya take yi sumul, har ta fi ta akawun. Na cire hannu da kaina, don in na ƙara ba zan iya tashi ba.

"Sa shi a ɗayar."

"Sabuwa ce, Baba. In na sa mata wani abu ta zama taka, ofis ba za su karɓa ba."

Na yi lissafi irin namu. In haɗi ta yi wannan gudun, ta kamfani me za ta yi? Tifar nan ma ranar da aka fito da ita daga gareji lafiya lau ta yi ta tafiya.

"Ta kamfanin nake so."

"Baba, ba ta da katin. Za ta ja, amma da ƙyar."

"Ba na sayen haɗi."

"Ta mutumin da ya rubuta maka takardar nan, na tabbata haɗi ce."

Ban taɓa duba ƙusoshinta ba. Shekara biyu ina zaune a gabanta. Amma ban gaya masa haka ba. Na buga sandata a kan dungulmin ƙafata.

"Haɗi ce ta yi wannan."

Ya cire tabarau ya goge. "Allah Ya sa albarka," ya ce.

Da la'asar ya biyo ni gida a a-kori-kura, ya jona komai, ya sa faifan. Motar ta fito. Na ba ta wuta. Ta yi gaba, ta tsaya, ta yi tsalle, ta tsaya. Ƙarar injin na yankewa kamar mai shaƙuwa. In na karya sitiyari, sai na ƙirga biyu kafin ta juya, lokacin na riga na daki bango. Kamar tuƙi a cikin taɓo da lodi.

Injiniya bai ce na gaya maka ba. Ya tsaya yana kallon rufin ɗaki.

"Sabon inji ne," na ce. "Sai an lallaɓa shi ya saki jiki."

"Baba, kwamfuta ba ta yin haka."

"Ka taɓa jan sabuwar mota?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Na yi mata abin da ake yi wa sabon inji. Duk lokacin da aka kawo wuta, sai in kunna ta in bar ta ta yi zafi tukuna, ban taɓa komai ba. Sannan in fito da motar, in ja ta a giya ta biyu, a hankali, ba na cika mata totur. Sauran motocin su wuce ni, su zagayo, su sake wuce ni. In na ji jikinta ya ɗau ɗumi, in kashe, in rufa mata zani. Kullum ina kara kunne ko ta fara sakewa. Wata rana sai in ga kamar ta ɗan sake. Washegari in ga yadda take jiya haka take.

Mako shida na yi. Ba wanda ya gani, ba wanda zan tambaya. Ɗan kasuwar geron ya zo ɗiban buhuna sau ɗaya, ya leƙo, ya ga dattijo na tafiya kamar hawainiya a kan titin ƙarya, ya ce sannu da aiki, ya fita.

A mako na bakwai na cika mata totur. Ta yi tsallen nan nata, ta tsaya. Na san inji. Wanda zai sake, da ya sake.

Na ɗaure ta a zani, na hau acaɓa da ita a cinya, sandunana a rataye a baya.

"Ba ta sake ba," na ce da Injiniya.

"Na sani."

"Ka karɓa ka ba ni ɗayar."

"An sayi ɗayar tun wancan watan. Wannan kuma ta riga ta zama ta hannu." Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani abu kore mai kamar tafin hannu, da 'yar fanka a jikinsa. "Saura hanya ɗaya. A buɗe ta a sa mata wannan. Ba sabo ba ne, daga wata na cire shi. Amma lafiyarsa ƙalau."

"Ta zama haɗi ke nan."

"Ta zama haɗi. Garanti kuma ya tafi."

Na zauna ina kallon hatimin. Wani masinja ya shigo sayen takarda, ya fita. Aka kira azahar, Injiniya ya je ya dawo, ni na yi tawa a zaune a cikin shagon. Ya same ni inda ya bar ni.

"Baba, in tambaye ka, kada ka ji haushi. Wannan in birkinta ya tsinke, wa zai mutu?"

Ƙafar kawai na nuna masa ran nan. Ban gaya masa zancen leburan ba. Har yau ban san sunan mutumin ba, ranar hatsarin ce ya fara aiki da mu. Injiniya ya dubi fuskata, ya fara ba ni haƙuri.

"Ba ni sukudireba," na ce.

Ni na yaga hatimin da farcena. Ni na kwance ƙusoshin, na jera su a kan tebur. Cikin kusan fayau yake, ƙarfen murfin ne ke da nauyin da na ji. Na sa ya nuna mini inda katin zai zauna, da abin da zai riƙe shi. Ya soka, na danna da babban yatsana sai da na ji ya zauna. Na girgiza shi. Na sake girgizawa.

Sai murfin ya ƙi rufuwa. Akwatin faffaɗa ne, katin ya fi shi tsayi da kamar yatsa biyu.

Injiniya ya dafe kai. "Ban yi tunanin wannan ba. Sai dai ka bar ta a buɗe."

"Ƙadangaru su haihu a ciki?"

Na auna da tsinken tsintsiya, na yi alama da gawayi, na ɗauki murfin na kai wa wani maƙeri mai yin murhu da bokiti a bakin kasuwa. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce na mota. Ya yanka taga a inda na nuna, ya lanƙwasa wani guntun langa-langa ya yi mata rumfa, ya huda ramuka don iska. Da muka ɗaura, ta fito da ƙusumbi a baya, rabi fari rabi ruwan toka. Injiniya ya zagaya ta sau biyu.

"Baba, kada ka ce a shagona ka saya."

Ban bari ya gwada a shago ba. Na kai ta gida.

Washegari aka kawo wuta wajen ƙarfe uku. Na kunna, ban jira ta yi zafi ba. Sabuwar fankar na da nata kaɗawar, ina jin ta. Na fito da motar, na ba ta wuta, ta tafi. Na sa giya ta uku, ta huɗu. Kwanar farko ta taho, na rage, na karya, ta bi hannuna a take. Na wuce mota biyu a miƙaƙƙen titi. A kwanar da ke bakin ruwa na shigo da gudu fiye da kima, sai na ji cinyata ta dama ta ɗaga ta danna iska da ƙarfi, tana neman birki da ƙafar da babu. Na kusa faɗowa daga kujera. Yatsana ne ya taka, motar ta tsaya a kan titi.

Na zo na huɗu. Na buɗe baki zan yi magana, na juya, ƙofa ce kawai a buɗe da rana a tsakar gida. Na sake jera motar a layi.

Ina zagaye na biyu a tsere na shida aka ɗauke wuta. Lokacin ina gaba da kowa. Na ɗan zauna, hannuna a kan maɓallan, fanka na rage juyi a sama. Ban fita benci ba. Wani lokaci sukan dawo da ita kafin magariba.